Rumbun da Baba Ya Gina wa Fim

Ni mutum ne mai son fim, kuma ban taɓa ɓoyewa ba. Malamin firamare ne ni a Gusau, ina zaune a Damba. Duk ƙarshen shekara, idan aka shiga lokacin karrama 'yan fim, ofishin malamai ba ya zama lafiya. Tallan fina-finan da za su fito ya dinga faɗowa cikin wayoyinmu ke nan, mu haɗa kai mu kalla, mu yi ta gardamar wanda zai ci da wanda za a danne. Matata takan ce da ina ɗokin karatu yadda nake ɗokin fim, da yanzu ni ke limanci a unguwa.

A shekarar da nake magana ɗokin ya wuce na kullum, domin mahaifina yana cikin ɗaya daga fina-finan da ake jira.

Baba manomi ne daga wani ƙauye a bayan Tsafe. Da zama ya gagara a can, na matsa masa ya dawo wurina. A ƙauyen abu biyu aka san shi da su: ginin rumbu da buɗe rumbu. Duk rumbun da ya gina, gara ba ta cinsa, ruwa ba ya zubar da shi. In kuma damina ta yi tsakiya, hatsi ya ƙare a gidaje, nasa ake buɗewa. A Gusau ba gona ba rumbu. Abin da ya rage masa shi ne tabarma a ƙofar gida, inda yake zama da wasu dattawa da su ma suka baro ƙauyukansu, da kuma yadda mutane ke rusunawa in sun zo wucewa.

Mai fim ɗin kuwa ɗan Gwaggo ne, ƙanwar Baba da ke aure a Bungudu. Taubashina ne ke nan. Tare muka tashi muna tsokanar juna, yana ce mini bawansa, ina ce masa mai kan tulu. Ya tafi Kano yana ɗaukar wa 'yan fim kaya, a hankali har ya zama mai ba da umarni. Ya dawo da baƙin tabarau da Kananci a bakinsa, ya durƙusa gaban Baba ya ce yana so kawunsa ya gina rumbu a ɗauka.

"Wasan kwaikwayo? Da girmana?" in ji Baba. "Ba ni yi."

Sai ya zagayo ta wurina. Ya ce fim ne a kan manoman da suka baro gonakinsu. Ya ce ya gaji da yadda ake mayar da mutanenmu abin dariya a fina-finai, da an ga mai maganar Zamfara an san wawan wasa ne ya fito. Wannan karon duniya za ta ga dattijon Zamfara yadda yake. Ya taɓo mini inda ke yi mini ƙaiƙayi, don shekaru na yi ina wannan ƙorafi a ofishin malamai. Na yi mako guda ina bin Baba da magiya, safe da yamma, har ya gaji.

"Kai ka yarda da shi?"

"Na yarda, Baba. Jininka na."

"To, don kai," ya ce.

A Bungudu aka yi aikin, a bayan gidan Gwaggo, bayan ruwa ya ɗauke. Kusan mako biyu aka ɗauka, domin Baba ya ƙi a gaggauta shi. Ya zaɓi duwatsun da rumbun zai zauna a kai, ya sa aka kwaɓa jar ƙasa da busasshiyar ciyawa, ya ce a bar ta ta kwana. Kullum sai ya ɗora zagaye ɗaya ko biyu, ya wanke hannu, ya ce sai ya sha iska. Masu kyamara su yi ta tsaki a ɓoye, shi ko a jikinsa. Ni da nake zuwa bayan an tashi makaranta, na ga Baban da na daɗe ban gani ba. Yana faɗa, yana gyara wa mutane tsayuwa, yana cin tuwo da yawa.

A ranar ƙarshe ya hau tsani ya shiga rumbun ta sama don ya shafe cikinsa. Da ya fito, taubashina ya ce masa, "Kawu, faɗa mana abin da ka baro a gida." Baba ya fara lissafa gonaki da sunayensu, ya zo kan rumbuna biyu cike da gero da dawa da ya bari a tsaye. Ya jingina goshinsa da jikin sabon rumbun, ya ja bakin riga ya share ido. Ban taɓa ganin hawayen Baba ba sai ran nan. Kyamara tana ta ɗauka, ni kuma ina gefe ina cewa a raina, wannan fim zai girgiza mutane.

Bayan watanni, da lokacin karramawa ya zo, tallan ya fito. Babu magana a cikinsa ko ɗaya. Kiɗa mai sanyi, hannuwan Baba cikin laka, sai fuskarsa yana kallon nesa. Aka sa fim ɗin a takarar wanda aka fi ɗokin fitowarsa, kuma jama'a ne za su zaɓa ta saƙon waya. Nan na yi ruwa na yi tsaki. Na bi malamai ɗaya bayan ɗaya. Na je tasha na roƙi direbobin da ke bin hanyar Tsafe su nuna wa fasinjojinsu. A Bungudu tsofaffin maƙwabtan Gwaggo da ba su iya rubuta saƙo ba suka dinga miƙo mini wayoyinsu ina tura musu. Duk wanda na nuna wa sai in ce, "Babana ne wannan," kamar ba a san shi ba.

Fim ɗin ya ci. Muka ga taubashina a waya cikin babbar riga, ya ɗaga kambu sama yana gode wa mutanensa na Zamfara. Aka ce ranar Juma'a mai zuwa za a sake shi kowa ya kalla.

Ranar, fim ɗin ya shigo wayata tun da hantsi. Na ƙi buɗewa. Ni da ba na iya haƙurin minti biyar a kan fim, ranar na danne zuciyata, wai ina so idona da na Baba su gan shi tare. Cikin duk wautar da na yi a wannan lamari, wannan ta fi ci mini rai. Na ari babbar talabijin, na kunna janareta, na shimfiɗa tabarmi a tsakar gida. Bayan la'asar dattawan ƙofar gida suka shigo. Gwaggo ta zo daga Bungudu, 'yan'uwa suka cika mota daga Tsafe, har mahaifin matata sai da na aika aka ɗauko. Baba ya sa farar rigarsa ta Juma'a ya zauna a gaba, ni ina tsaye a bayansa.

Aka fara. Wasu baƙi suka yi sallama a ƙofar wani gida. Sai ga Baba yana hawa tsani, amma an ƙara wa hoton sauri, yana ta wutsil-wutsil kamar ƙadangare, ana bin kowane taku da wani kiɗan shashanci. Ya faɗa cikin rumbu. Sai wata murya da ba tasa ba, siririya, ta wani ɗan wasa da ke kwaikwayon maganarmu yana ƙara mata gishiri, ta fito daga ciki: "Ku ce musu ba ni nan, ci na yak kawo su." Aka yi dariya a tsakar gidan, kafin kowa ya gane abin da yake gani.

Fim ɗin barkwanci ne. Baba shi ne tsohon marowaci da ke ɓuya cikin rumbu don kada ya ba baƙi abinci. Duk maganar da ya yi an cire, an ɗora waccan muryar a kan leɓɓansa. Dariyar ta mutu tun ba a yi nisa ba. Na so in kashe, amma na tsaya ina ta gaya wa kaina wataƙila gaba zai gyaru. Har aka zo wurin da ya jingina goshinsa da rumbu yana share ido. A fim ɗin, kaza ce ta tsince masa tsabar gero, shi ne yake kuka.

Gwaggo ta ja mayafi ta rufe fuska. Mahaifin matata ya sunkuyar da kai yana jan carbi. Baba ya miƙe a hankali, ya nemi takalmansa, ya juya ga dattawan ya ce, "Ku yi haƙuri, an taso ku." Ya shige ɗaki.

Na fita waje na kira taubashina.

"Haba taubashi, wasa ne fa," ya ce. "Mun gwada shi yadda na faɗa maka, aka ce ba mai zama ya kalli tsoho yana kuka. Ka ga yadda ake kallonsa kuwa? Kawu ya yi suna."

"Ni ne taubashinka," na ce. "Da ni kake wasa. Ka sa ni cikin rumbu, ka sa mini muryar jaki in ka so, ba mai cewa komai. Shi kawunka ne. Yaushe aka fara wasa da kawu?"

Ya ce in huce tukuna. Na kashe wayar, kuma har yau ban sake kiransa ba. Ya ci amanata, ya kuma sa ni na ci ta Baba da bakina, wannan shi ne abin da na kasa haɗiyewa.

Cikin kwana kaɗan aka yanko wurin kazar yana yawo a wayoyi. Direbobin da na roƙa su zaɓi fim ɗin su ne yanzu ke kunna wa fasinja. A kasuwa wani ya nuna Baba ya ce ga mai kukan gero, wasu suka nemi a yi hoto da shi. Ba da mugunta suke yi ba, kuma hakan bai rage komai ba. Baba ya daina fita ƙofar gida. Ya koma yin salla a wani masallaci can gaba, inda yake zaton ba a gane shi. Bai yi mini faɗa ba ko sau ɗaya. Da ya yi, da na samu sauƙi.

Bayan makonni uku na kasa jurewa. Wata la'asar na same shi a ɗaki yana zaune a kan buzu, na durƙusa na ba shi haƙuri. Na shiga zagin taubashina, ya ɗaga hannu.

"Ɗan ƙanwata na. Kak ka zage shi gabana."

Ya sauke hannun, sannan ya ce, "Rannan ban waiwaya ba, ban son in ga kowa. Amma sa'ad da anka yi dariya, na ji wata bayana. Taka ta?"

Na buɗe baki in ce a'a. Mutum nawa ne a tsakar gidan, wa zai ƙaryata ni? Amma na yi dariyar. Shekara da shekaru ina dariyar irin wannan a fina-finan da nake ƙorafi a kansu, da kiɗan ya tashi ta kuɓuce mini tun kafin in tuna wane ne a kan tsanin.

"Tawa ta, Baba."

Ya gyaɗa kai.

"Na sani," ya ce. "Tun kana ƙarami nis san ta."