Zane Uku a Farantin Kuloci

Ta katangar da ta raba ɗakinmu da nasu muka ji Rhoda tana tambayar mijinta inda akuyarta take. Sau uku ta tambaya, kowane karo muryar na ƙara hawa. Sai a na ukun Irmiya ya ce ya sayar, kuɗin kuma suna aljihun Lukuman bakanike. Ta ce akuyar da ta shekara biyu tana yankar wa ciyawa saboda makarantar 'yarsu Mercy? Ya ce ita fa.

"Baban Mercy, an yanke ka da rana tsaka, kai kuma ka ce na gode?"

"Na ce na gode," in ji shi. "Gobe ma zan je in gaishe shi."

Muka ji ƙarar kwano a ƙasa.

Irmiya mutumin wani ƙauye ne a bayan Salka, ya haura hamsin, kuma shekara ashirin ke nan yana haya a Kontagora. Sana'arsa dakon hatsi a kan mashin: buhu biyu a baya, ɗaya a kan tanki, daga gonakin Ibeto da Salka zuwa hannun 'yan kasuwa. Bai iya karatu ba, amma ya haddace alamar buhun kowane dillali, wannan da'ira, wancan ƙafar kaza. Tasa alamar zane uku ne a tsaye, da ɗaya da ya ratsa su. Mutum ne mai sanyin magana, irin wanda ake taka wa ƙafa a mota ya ce a yi haƙuri.

Lokacin da Lukuman ya gama koyon aiki ya kafa rumfa a gindin dalbejiya da sifana huɗu, Irmiya ne ya fara kai masa mashin, shi ne kuma ya riƙa janyo masa 'yan acaba ɗaya bayan ɗaya. Yanzu rumfar ta zama gareji mai rufin kwano.

Abin da ya faru ranar akuya shi ne, Irmiya ya kai mashin sabis, aka yi ciniki dubu biyar: baƙin mai, fulogi, ɗaure sarƙa. Da ya dawo da la'asar sai ya tarar da injin a buɗe, kayan cikinsa a jiƙe a tasar fetur. Lukuman ya ce ya ji wata ƙara ne da kunnen da ba na bakanike ba ba zai ji ba. Wai ringin injin ya mutu, akwai kuɗin buɗewa, akwai na fetur ɗin wanki, akwai na mayarwa. Dubu talatin da ɗaya. Lokacin kaka ne, gobe kasuwar Salka, buhunan mutane na jiran Irmiya. Da Irmiya ya tuna masa cinikin safe, Lukuman ya tura masa tasar da ƙafa, a gaban 'yan acaban da ke kan benci.

"Baba Irmiya, in ya yi tsada ɗauki abinka ka kai gaba. Tasar ma na bar maka kyauta."

Aka yi dariya. Ni dai ban yarda kuɗin ne suka hana Irmiya barci ba, ko akuyar. Gareji masu cutar mutane sun fi goma a garin nan, kowa ya sani, kowa yana biya yana zagi. Abin da ya tsaya masa a wuya shi ne, yaron da ya ɗora a hanya ya yi masa farashin baƙo, ya kuma yi da ƙafa.

Wata huɗu yana zuwa gaishe da Lukuman. Duk yamma in ya sauke kaya sai ya zauna a bencin garejin, ya sayi rake a raba. Rhoda ta daina yi masa magana sai ta bakin Mercy. A wata na biyar ya je wani shago can nesa da unguwar, ya sayo sababbin farantan kuloci da kuɗin da ya kamata su zama na haya. Ya ari sifana, ya baje injin a tsakar gida ranar Lahadi bayan coci, ya ɗauki ƙusa ya zana alamar buhunsa a gefen kowane faranti, inda ido ba ya kaiwa. Ya ɗaura su a injin, ya hau mashin sati biyu don su ɗan yi duhu, sannan ya kai wa Lukuman sabis.

Lukuman ya sake jin ƙara. Wannan karon kuloci ne ya ƙare, in ji shi. Irmiya ya biya ba tare da ya nemi ragi ba, bai kuma ce a ba shi tsofaffin ba. Ya koma bencinsa ya ci gaba da shan rake.

Kwana goma sha ɗaya ya jira. Ranar da Ladan, shugaban 'yan acaban bakin tasha, ya kawo mashinsa kuloci na zamewa, Irmiya ya ga Lukuman ya shiga ciki ya fito da faranta a kwali mai bakin da aka riga aka yaga. Ladan ya biya kuɗin sabo dal. Washegari Irmiya ya same shi a tasha, ya zana masa alamar a ƙasa da yatsa, ya ce a buɗe injin a gaban jama'a. Ladan ya ce ɓata sunan mai sana'a ba wasa ba ne, in babu fa? Irmiya ya zare makullin mashinsa ya sa masa a tafin hannu, ya ce in babu a sayar, a biya Lukuman mutuncinsa. Ba shi da tabbas. Kwalin da ya gani zai iya zama na kowa, kuma mashin ɗin nan shi ne tuwon gidansa.

A garejin aka buɗe, Lukuman da hannunsa, yana dariya yana cewa tsufa ya fara taɓa Baba. Ladan ya goge farantin farko da gefen rigarsa, ya ɗaga shi sama ya juya. Zane uku, ɗaya ya ratsa. Na biyun ma haka. Ba a doki kowa ba. Ladan ya ce kowa ya tura mashinsa ya fita, har waɗanda injinsu ke buɗe, aka kwashe su a tasa.

Sati uku garejin ba kowa sai kaji. Wata ranar Asabar da hantsi Lukuman ya yi sallama a ƙofar gidan hayarmu, ya cire hula, ya durƙusa. Ya ce matarsa na da tsohon ciki, mai fili yana neman ya tashe shi. Ya kawo duk abin da ya taɓa karɓa, har da ƙari. Baba ya taimaka ya yi wa Ladan magana, kalma ɗaya tasa ta isa. Rhoda ta fito daga madafa tana goge hannu, idonta a kan kuɗin, ta ce a hankali, ko don makarantar yarinya ya karɓa.

Irmiya ya tsaya a bakin ƙofa, hannunsa a baya. Ya daɗe yana kallon ƙeyar Lukuman.

"Mayar da kuɗinka aljihu, Injiniya," ya ce. "Kuɗin kallo na biya, kuma ban gama kallon ba."