Takardar da Na Liƙa a Jikin Tarakta

Shekaru sun ja, mai yiwuwa wasu abubuwa sun rikice mini, amma ranar da tarakta ta ƙi tsayawa a wani ƙauye kan hanyar Nok ba za ta taɓa fita daga raina ba.

A tsakiyar shekarun saba'in ne, ina jin farkon damina. Ban daɗe da gama jami'a ba aka tura ni Kafanchan in kula da taraktocin wata ƙungiyar manoma. Cikinsu akwai wata tsohuwa, direbanta dattijo ne sa'an mahaifina, kowa Baba yake ce masa. Ni kuwa lokacin tsoron kuskure ya yi mini yawa, komai na taɓa sai na rubuta.

A bayan tarakta akwai sandar ƙarfe mai juyawa da ke ba injin yankan ciyawa ƙarfi, makanikai na ce mata fitiyo. A irin wannan tsohuwar, fitiyo da akwatin giya haɗe suke. Ko an taka kuloci, in wuƙaƙen injin na juyawa, su za su ci gaba da tura tayoyi. Wani ɗan ƙarfe da ake ɗaurawa a bakin sandar ne ke hana haka. Ranar da na canza man giya na ga ɗan ƙarfen ya cinye har ya tsage, sai na cire shi. Na rubuta da Turanci cewa kada a ɗaura injin yanka sai sabo ya zo daga Kaduna, na liƙa kusa da sitiyari. Na so in faɗa wa Baba, amma nauyinsa nake ji, kada ya ce yaro na koya masa aiki.

Bayan kwana biyu aka ce mini ya tafi share gona da injin. Na hau babur, ban san yadda na isa ba.

Gonar kan gangare take, ƙarshenta gaɓar rafi ce mai zurfi, mata kuma na wanki a ƙasa. Na hango Baba ya nufo gaɓar a natse, don ya saba sai ya kai baki yake taka kuloci ya juya. Na yar da babur ina gudu ina ɗaga hannu, shi ma ya ɗago mini, a zatonsa gaisuwa ce.

Ya taka kuloci, tarakta ba ta tsaya ba. Ya miƙe tsaye kan birki, ta ci gaba da tafiya. Ya ja giya, ta ƙi fita. Matan ba sa ganinsa, waƙarsu kawai nake ji. Saura taku biyar, ko ƙasa da haka, ya karya sitiyari ya afka wa wani babban suri. Tarakta ta mutu, ƙirjin Baba ya bugi sitiyari.

Da na iso yana numfashi da ƙyar. Ya ce, "Injiniya, shekara goma sha biyu tarakta nan bai taɓa yi mini gardama ba. Me ka yi masa?"

Na nuna masa takardar. "Baba, ai na rubuta."

Ya dube ta, ya dube ni. "Ka rubuta ma wa? Ni na ɗauka lamban gwamnati ne. Bakinka na ciwo ne, ɗana?"

Haƙarƙarinsa biyu suka karye. Ya warke, amma bai ƙara iya wuni kan tarakta ba, kuma ko sau ɗaya bai kai ƙarata ba.

Na daɗe ina gaya wa kaina cewa na bi ƙa'ida. Yanzu na san kaina na kare da takardar nan, ban kare Baba ba. Tun daga ranar, in na taɓa inji, sai na tsaya gaban mai tuƙa shi na faɗa masa da baki, ya maimaita mini. In akwai wanda ke wurin da rai har yanzu, ya ga na kauce a wani wuri, ina roƙo ya aiko mini da gyara.