Baba Salifu da Ramin Zarto

Bana shekara sittin ke nan da muka kai kakana, Baba Salifu, makwancinsa. Ni Mumuni na bi gawar ina dogara sanda, ƙafata ta hagu a ɗaure, kuma shi ne sanadin karayar. Gara in faɗi wannan tun da wuri, kada mai karatu ya zaci yabo kawai na zo yi.

Sana'arsa tantance katako ce. A tsohon zangon Akra na bakin teku aka haife shi, tun babu wanda ya san za a yi wata unguwa wai ita Nima. Lokacin Turawa ba su daɗe da mai da Akra hedikwatarsu ba, ana ta gine-gine, kuma farin katako mai taushi daga Turai ake kawo shi. Jirgi ya tsaya can nesa, masunta 'yan ƙabilar Ga su yi ta jigila a kwalekwale. Irin wannan katako mayaudari ne. Fuska sumul, amma a ciki akwai mataccen ƙulli da ke jiran nauyi, ko ruɓar da ta fara tun a cikin jirgi. Baba zai ƙwanƙwasa, ya sansana, ya kanne ido ya bi gefen, sannan ya ja alli. Layi ɗaya na ɗaukar rufi ne, biyu na ƙofa da taga, uku na akwati.

Ba a ba mutum alli sai ya haye rami. Za a tara wa mai koyo katako, ya ware. Sai mai jarrabawa ya zaɓi guda cikin waɗanda ya yi wa layi ɗaya, a gitta shi a kan ramin da ake jan zarto, mai zurfin tsayin mutum, a ce bismillah, taka. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Ina da shekara ashirin na nemi alli a rumfarsa ta Nima. Ya tsufa, ido ya tafi, amma ya hana a cike ramin duk da injin yanka ya zo. Na ware katakona ina ta rawar kafaɗa. Ya bi su da tafin hannu ɗaya bayan ɗaya, ya tsaya a kan wani, ya daɗe, ya ce a gitta wannan. Ya ce, "Kai ka ce shi iya ɗaukan gida. To shi ɗauke ka tukuna." Taku uku na yi. Ƙarar da na ji har yau ban san ta katakon ce ko ta ƙashina ba.

Na yi fushi, fushi mai tsanani. Ya san katakon ruɓaɓɓe ne, hannunsa ya gaya masa, kuma ya bar jikansa ya hau. Ya aiko a gaishe ni sau biyu, na juya fuska bango. Kafin a kwance mini ɗauri ya rasu.

Bayan sadakar bakwai gwaggona Amina ta ba ni labarin da gidanmu ya daɗe yana haɗiyewa. Baba yana da ƙane, Isaka, wanda idonsa bai faɗa kan katako ba ko kaɗan. Uwarsu ta yi ta roƙo a ba shi alli ya samu abin riƙe iyali. Ranar jarrabawa Baba ne mai zaɓe. Ya ga wani da Isaka ya yi wa layi ɗaya, da ƙulli baƙi ƙirin a ƙasansa, sai ya tsallake shi ya ɗauko lafiyayye. Isaka ya haye, aka yi guɗa. Da damina ta kewayo, katakon da Isaka ya tantance ya karye da kafintoci a saman wani bene. Mutum biyu suka mutu, ɗaya bai daɗe da aure ba. Isaka ya bar gari a ƙasa, ba a sake jin ɗuriyarsa ba, uwarsu ta mutu tana duban hanya. Gwaggo ta ce, "Tun ran nan, na waje shi kan yi ma sauƙi wani lokaci. Na gida kam, mafi muni shi ke zaɓa."

Ban ce na yafe nan take ba. Amma na koma kan sana'ar, na samu takarda daga makarantar koyon sana'a, daga baya ni ma na zama mai jarraba ɗalibai. Can babu rami. Akwai takardar tambayoyi, da ma'auni, da na'urar gwada danshi, kuma ba na raina su, don na'ura ba ta da ƙane. Sai dai hannun da ke sa maki yana da shi. Ni kaina na ɗaga wasu da bai kamata ba, don ubansu abokina ne, ko don na gaji. Ban san rufin wa suka tantance ba, kuma rashin sanin bai taɓa ba ni kwanciyar rai ba.

Da Baba zai leƙo Maamobi, unguwar da ke maƙwabtaka da Nima, yau, ya ga bene kan bene a lungun da akuya ke wucewa da ƙyar, ya ga ɗanyen katako na ɗigar ruwa ana hawa da shi sama, ban san me zai ce ba. Kwanan baya na nuna wa wani mai sayarwa tsaga a jikin katako, ya yi dariya ya ce, "Alaji, no wahala, fenti zai rufe." Ina jin da Baba ne, sai ya nemi shebur ya fara haƙa rami.

Baba bai bar mana gida ba, bai bar suna ba, rumfar ma shagon waya ce yanzu. Abin da ya bari abu ne mai nauyi da ba kowa ke son gado ba. Jikana zai shiga jarrabawar tantance katako wata mai zuwa. Na gwada shi a tsakar gida, na ga da saura. Uwarsa, 'yata Hawa, ta zo ta durƙusa ta ce, "Baba, mepaakyew, don Allah, masu jarrabawan nan yaranka ne. Magana ɗaya kawai." Na ce a'a. Yau kwana tara ke nan tana aiko mini da abinci, amma ba ta shigo ta gaishe ni ba. Allah ya jiƙan Baba Salifu. Sai yanzu na san abin da ya ji sa'ad da ɗan aike ya koma ya ce masa na juya fuska bango.