Carbin da Aka Tsinta a Ɗakin Sanyi

Ranar Juma'ar da ta gabata Injiniya Sabi'u ya cika shekara biyar da rasuwa. Mun taru a gidansu na Kibiya, aka yi addu'a, aka watse. Ina laluben takalmina a ƙofar zaure sai 'yarsa Rukayya, wadda yanzu take karatun kwamfuta a jami'a, ta durƙusa ta gaishe ni, ta ce, "Baffa Habu, wani malaminmu ya kawo misalin cibiyar Rano a aji. Ya ce kuskuren wanda ya tsara ɗakin ne ya ƙone na'urorin. Bai san 'yar wane ce ni ba. Da gaske Abba ne ya yi kuskuren?" Na ce mata zan ba ta amsa. Ga amsar a rubuce, inda malamin nata ma zai gani.

Ni ba marubuci ba ne, karatuna bai wuce sakandare ba. Yaya Sabi'u ɗan wan mahaifina ne, tsakar gida ɗaya muka tashi. Shi ya yi nisa a boko, ni na tsaya a gyaran janareta a bakin tashar Rano. Da wata ƙungiya mai binciken noma ta ɗauke shi ya kafa mata cibiya a bayan gari, ni ya fara nema. Ya ce yana son wanda zai ba mabuɗi ya yi barci.

Abin da ke cikin cibiyar kwamfutoci ne talatin da biyu, marasa allo, an jera su a kantocin ƙarfe, an ɗaure su da wayoyi. Da na tambaye shi amfanin tara su, sai ya ce in tuna aikin gayya. Gonar da mutum ɗaya zai yi wata yana nomewa, idan aka raba ta kunya-kunya ga mutum talatin, kafin azahar an tashi. Akwai guda ɗaya a sama da yake kira sarkin noma, ita ke raba wa sauran aiki ta kuma tattara abin da suka gama. Gonar da suke nomewa lissafin damina ce: yaushe ruwan gaske zai sauka a ƙasar Rano da Kibiya, don kada manomi ya zuba irinsa a ruwan farko, fari ya biyo baya. Lissafi ɗaya kwana goma sha biyu yake ci, ba dare ba rana, kuma idan ya katse a tsakiya an koma farko.

Wata shida ya yi yana tsara ɗakin kafin a sa bulo ɗaya. Ya auna inda rana ke dukan bango. Ya juya kantocin fuska da fuska, iska mai sanyi ta bi ta tsakiyarsu, mai zafi ta fita ta baya. Ya sa batura da za su riƙe wuta kafin in tayar da janareta. Sannan ya ba ni doka uku: ƙofa a rufe take kullum, kada a tare ramukan da iska ke shiga, idan ƙararrawar zafi ta yi kuka in kira shi ko yana kan sallaya ne. Na ce masa wannan ai yaro ma zai iya.

A shekarar da azumi ya faɗo tsakiyar bazara, ya kunna babban lissafin damina, kwana biyu bayan haka aka kwantar da mahaifiyarsa a asibiti a Kano. Ya tafi jinya ya bar ni da mabuɗi.

Washegari surukina, Alhaji Mamman na Zinyau, ya biyo ta wurina daga kasuwa. Tsoho ne mai hawan jini, ga ƙishirwar azumi, leɓensa ya bushe, idonsa ya faɗa. Ya zauna a dakalin ƙofa yana haki. Na buɗe ɗakin don duba ma'aunin zafi, sanyin ya bugo shi, ya lumshe ido ya ce, "Habu, ashe aljannar duniya kake gadi, ka bar uban matarka a wuta?" Wanda ya san kunyar suruki a ƙasarmu ya san ba zan iya hana shi shiga ba. Na shimfiɗa masa tabarma a tsakanin kantocin, na ce minti goma. Ya yi barci har la'asar.

Da a nan abin ya tsaya, da ban rubuta wannan ba. Kashegari ya dawo da aminansa biyu. Kafin mako ya cika sun zama bakwai, har da limamin unguwarmu da wani dattijon Bafulatani mai kawo shanu kasuwa. Duk sun haife ni. Suna shigowa bayan azahar su cire manyan riguna, su rataye a jikin kantocin, daidai kan ramukan iska. Sai liman ya ce a cikin rugugin nan ba a jin kiran salla, kada la'asar ta wuce su. Aka sa takalmi aka tokare ƙofa. Da hannuna na sa takalmin.

Rana ta huɗu da fara zuwansu ƙararrawa ta yi kuka. Alhaji ya ɗago kai ya ce, "Kai, kashe mana wannan tsuntsun, mutane na hutawa." Na danna maɓallin da ke sa ta yin shiru. Kullum bayan an sha ruwa Yaya yakan kira ni daga asibiti ya ce, "Habu, nawa ma'auni ya nuna yau?" Sai in karanta masa lambar safiya. Ina gaya wa kaina ai ba ƙarya na yi ba, ma'aunin ya nuna hakan. A cikin watan azumi nake wannan lissafin.

Rana ta tara da fara aikin, wajen ƙarfe uku, na ji fankokin na'urorin sun canza murya, suna kuka kamar injin niƙa da ya ci dutse. Wari ya tashi, irin na robar da ta taɓa garwashi. Fitilun gaban kantocin suka riƙa komawa ja ɗaya bayan ɗaya, ina kallo. Dattawan suka kwashi rigunansu suka fice suna salati. Kafin in kashe wuta, sarkin noma ta mutu, faya-fayan da ake ajiye sakamako sun tafi da ita, da wasu kwamfutoci goma sha ɗaya. Na naɗe tabarmi, na share ƙasa, na rufe ƙofa, sannan na kira shi. A wannan jerin na yi su, kuma jerin ya isa ya nuna ko ni wane ne.

A shekarar ba a ba manoma sanarwa ba. Na ga mutanen ƙauyen Fammar sun yi shuka a ruwan farko, na kuma ga sun sake neman iri bayan sati uku.

Bayan salla ƙungiyar ta turo kwamiti na mutum uku. Suka duba rubutun da ma'auni ke ajiyewa, suka ga kullum zafi na hawa daga azahar zuwa la'asar. Ai lokacin ne rana ta fi ƙuna, don haka suka ce na'urorin sanyaya ɗakin da Injiniya ya zaɓa sun yi kaɗan. Ɗaya daga cikinsu bai gamsu ba. Ya juyo ya tambaye ni ko wani ya taɓa shiga ɗakin. Na ce babu. Ya ce to abin da sauƙi, a ɗauko Alƙur'ani in dafa. Har an zubo mini ruwan alwala a buta. Ina wanke hannu ina auna wanda ya fi: in kunyata surukina da liman a gaban baƙi, in rasa aikina da matata, ko in dafa littafin Allah a kan ƙarya. Wallahi na riga na zaɓa, kuma ba gaskiya na zaɓa ba.

Sai Yaya Sabi'u ya miƙe ya ce, "Ku bar shi, ba za a rantsar da kowa ba. Ni na tsara ɗakin nan, ni na zaɓi wanda na ba mabuɗi. Ku rubuta sunana." Suka rubuta. Aka sallame shi, aka kwashe sauran na'urorin zuwa birni.

Ran da muke kulle ginin, ya sa hannu a aljihu ya fito da wani carbi baƙi mai jan tuntu. Na gane shi tun kafin ya miƙo. Ya ce, "A bayan kanta ta uku na tsinta, tun ranar da na dawo. Ka mayar wa Alhaji, ka ce ina gaishe shi." Na karɓa. Ya ƙara da cewa, "In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Na gina ɗaki mai sanyi a garin da ke azumi cikin bazara, ban kafa wa mutane ko rumfa ba. Wannan kam kuskurena ne." Bai sake tayar da maganar ba har ya bar duniya, ni ma na ɓuya a bayan shirunsa. Shekara guda da 'yan watanni ya yi yana haɗa wa mutane wutar sola a ƙauyuka, mutumin da jami'o'i ke gayyata a da, sannan gajeriyar rashin lafiya ta ɗauke shi.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga yau. Manomi a Yalwa na duba hasashen ruwa a wayarsa, yara na yi wa waya tambaya tana ba su amsa kamar malami. Na san zai yi murmushi ya ce bayan kowace amsa akwai wani ɗaki mai sanyi a wani gari, da wani Habu riƙe da mabuɗi. Ginin namu yanzu ma'ajiyar taki ce. Duk lokacin da na wuce nakan kawar da kai daga ƙofar.

Na daɗe ina cewa kunya ce ta sa ni. Kunya ta buɗe ƙofar a ranar farko, na yarda. Amma ba ita ta kashe ƙararrawa ba, ba ita ta karanta lambar safiya ba, ba ita ta yi shiru shekara shida ba. Wannan tsoro ne da son kai. Alhaji Mamman ya rasu bai san abin da barcinsa ya jawo ba, don ban taɓa mayar masa da carbin ba. Kada a ɗora masa komai, shi da abokansa. Ba su san dokar ɗakin ba, ni na sani.

Gini ya koma na taki, na'urori sun watse, mabuɗin ma ban san inda yake ba. Abin da ya rage na Yaya Sabi'u suna ne, shi ne kuma na bari aka ɓata. Ya tare ni daga rantsuwar ƙarya da aikinsa da mutuncinsa, na biya shi da shiru. Allah ya jiƙansa, ya sanyaya kabarinsa, ya yafe mini.

Rukayya, tsarin mahaifinki daidai yake. Ɗakin ya riƙe sanyinsa bazara biyu, har ranar da na tokare ƙofarsa da takalmi. Ki kai wa malaminki wannan shafin. Idan yana son shaida, carbin na nan a wurina, kuma wannan karon a shirye nake in dafa.