Jinin Shanun Kawu Lado

Lauratu 'yar Barkiya ce, amma ta shekara da shekaru a wani ɗakin gwaje-gwaje a Dutsin-Ma, har bayanta ya fara ranƙwafawa. Aikin bai canjawa. Ta ware fararen ƙwayoyin jini, masu kare jiki daga cuta, ta haɗa su da irin funfuna, ta ba su lokaci su kara. Sannan ta fasa su da ruwa ta shafa a faranti. Duk abin da ya tsiro, shi ne wanda jinin ya kasa kashewa.

Da shanun kawunta Lado suka fara ɓari, sai ta zargi harawar da ta yi funfuna a rumfarsa. Shi kuwa ya ce ba zai ƙone abincin rani kan zato ba. Ta je ta ɗibi jinin shanun. Tana shirin tashi aka kawo fura da nono, ga tuwo bisa wuta. A gidan Lado baƙo bai fita da yunwa, balle 'yar ƙanwa. Ta zauna har la'asar. Ko da ta isa Dutsin-Ma ta ɗiga shuɗin ruwan da matattun ƙwayoyi kaɗai ke sha, sai ta ga duk sun rine. Sun mutu tun kafin su ga funfunar. Kafin ta sake samun mota, wata saniyar ta zubar da ciki.

Komawa ta biyu, tana rufe kwalaben ta miƙe. Matar Lado ta tare ta da ƙwaryar fura.

"Ki yi haƙuri, Inna. Jinin nan bai jira."

"Mu dai muna jira," in ji Lado. "Boko har ya hana shan fura?"

Ta hau babur zuwa tasha.

Wannan karon ƙwayoyin sun isa da ransu, sun yi iya yinsu, amma farantan suka cika da koren funfuna. Ta kira kawun ta ce wannan bai tabbatar da komai duka ba, sai dai in shanunta ne, ba za ta ba su harawar ba.

Lado ya cinna wa rumfar wuta. Ɓarin ya lafa, shanun suka rame har damina. Yanzu in ta je ana gaisawa lafiya lau, a shimfiɗa mata tabarma. Sai dai ƙwaryar ba a sake miƙo mata ba, ita kuma ta gaji da neman yadda za ta roƙa.