Ranar da Gurasar Shahata Ta Taɓa Ƙasa

Ammu Shahata a kan keke ya tsufa. Tun yana saurayi yake rarraba gurasa a unguwar Sayyida Zainab, doguwar ragar itacen dabino cike da gurasa a ka, hannu ɗaya a raga, ɗaya a keke, yana ratsa motocin Alƙahira. Abu ɗaya aka san shi da shi: gurasarsa ba ta taɓa faɗuwa ba.

Sirdin kekensa tsoho ne, fata a sama, sanduna biyu na baƙin ƙarfe a ƙasa. Samarin da suka shigo sana'ar suka sa wa sirdin suna kujerar kaka, abin kuwa ya ci masa rai. Ran nan ya kai wa Usta Girgis mai gyaran keke wani siririn sirdin 'yan tsere, mai sandunan alminiyam.

Usta ya jinjina shi a tafin hannu. "Ammu, baƙin ƙarfe in ya gaji lanƙwashewa yake, ya ba ka labari. Wannan ko sallama ba ya yi. Ga gurasa, ga tumbinka."

"A gidanku na yi tumbin? Ɗaura kawai."

Usta ya ɗaura.

Wata Juma'a, ana fitowa daga masallaci, yana daidai ƙofar, taya ta faɗa ɗan rami, sanda ɗaya ta sabon sirdin ta ce ƙas. Shi bai faɗi ba. Ragar ce ta tafi.

Da an yi dariya, da ya fi masa sauƙi. Dattawa suka duƙa, kowa ya ɗauki gurasa, ya sumbace ta, ya kai goshi, ya ɗora a katanga don kada a taka. Shahata na tsaye riƙe da keke, ya rasa inda zai sa idonsa.

Da la'asar ya turo keken ta lungu zuwa shagon Usta. Ya tarar da shi zaune a kan tsohon sirdin, ya kafa shi a bututu ya mai da shi kujera.

"Kujerar kaka aka zo karɓa?" in ji Usta.

Shahata ya dubi ƙasa. "Tashi mini, don Allah."

Usta ya miƙe yana shafa ƙugu. "Ɗauki abinka. Fatar nan siffarka ta riƙe, ni ciwo take sa ni."

Washegari Shahata ya koma aiki, kuma gurasarsa ba ta sake faɗuwa ba. Amma har yau zagaye yake yi ta bayan kasuwa, ba ya bin ƙofar masallacin.