Wandon da Aka Yaga Tun a Shago

Wata Laraba ce da damina, shekarar da na shiga aji uku a firamaren garinmu na bakin ruwa, can ƙasar Ngaski. Hadari ya haɗo baƙi ƙirin, sai ga Baba ya baro jirginsa ya zo ɗaukata, riƙe da ledar da zai lulluɓe ni. Wandon kamun kifi ne a jikinsa, wani jins na gwanjo da ruwa ya cinye launinsa, gwiwoyi duk a waje, zare na reto. Yaran ajinmu suka leƙo ta taga suna ƙyalƙyala dariya, wani ya ce kada ne ya kama shi. Har muka isa gida ban ɗaga kai ba. Da Inna ta gan shi sai ta saki muciya ta riƙe baki: "Malam, da wanga ka shiga cikin mutane?"

A gidanmu kaya iri biyu ne, kuma ba sa haɗuwa. Na aiki suna rataye a danga, suna warin kifi da hayaƙin banda. Da su muke itace, mu wanke tarwaɗa, mu kori tsuntsu a gonar shinkafa, in rana ta yi sanyi mu zauna carafke gindin mangwaro. Na fita kuwa suna ƙasan akwatin ƙarfe, sai Juma'a, biki ko Sallah. Inna ba ta da keken ɗinki, allura ce da zare cikin gwangwanin madara, amma huda ko kamar ƙwayar gero ba ta bari ta kwana. Takan ce, "Ko tsumma ne a ɗinke shi, kada a ce ba ku da uwa." Karatuna bai wuce aji biyar ba, amma wannan kam na riƙe shi.

Yanzu ina aure a Yelwa, ina da ɗa, Aminu, bai daɗe da shiga firamare ba. Sallar da ta wuce ƙanen mijina, Nasiru, ya kawo masa wando sabo fil a leda. Ina warwarewa na ga gwiwoyi a yage, cinya a kankare. Wallahi gabana ya faɗi, na ce ɓera ya ci, Nasiru ya yi maza ya mayar. Ya kwashe da dariya: "Haba Anti, haka ake yayi! Da gangan aka yaga shi." Da gangan? Na leƙa titi, ashe idona ne bai lura ba. 'Yan kabu-kabu, 'yan makaranta, har 'ya'yan masu hali, kowa gwiwa a waje yana taƙama.

Inna ta zo mana Sallah. Ban san lokacin da ta ga wandon ba, ina can wajen suya. Na dawo na tarar ta liƙe kowace huda da ƙyallen atamfa, ɗinki ƙanana a jere, tana murmushi. "Jikana ba ya zuwa Idi da tsumma," in ji ta. Ni ma a raina daɗi na ji.

Aminu ya fita yawon Sallah, bai jima ba ya dawo da gudu, hawaye har wuya. Abokansa sun zagaye shi suna kiran shi mai faci, ɗan ƙauye. Ya shige bayan ƙofa ya ce ba zai sake fita ba. Na tsaya, kaina ya ɗaure. In na bar facin, yaro zai wuni a ɗaki ranar Sallah. In na cire, me Inna za ta ji, me maƙwabta za su ce da ni?

Kukan nasa ne ya fi ƙarfina. Na ɗauko reza na zauna bakin gado, ina tsinke ɗinkin ɗaya bayan ɗaya. Inna tana kan tabarma tana kallona, can ta juya fuska wajen bango. Aminu ya zura wandon ya fice yana tsalle.

Da, uwa da allura take rufa wa ɗanta asiri, yau ga ni da reza. Ƙyallayen na tattara na ƙulle a bakin zane, na kasa zubarwa.